Yadda Shuka Ta Ke Gane Cuta, Ta Tashi Tsaron Kanta

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Mai'adua, har ya zarce Kongolam a bakin iyaka, a cikin watan Satumba, ba zai rasa ganin wani abu ba. Ga gonaki biyu maƙwabta, dukansu jigawa, ruwan da ya sauka a wannan shi ya sauka a waccan. Waken wannan ya yi kore shar, ya rufe ƙasa. Na waccan kuwa ya yi rawaya, ya tsugune, ga ƙuduji ya fito cunkus a gindinsa. Mai gonar da ta lalace ya kan ce ƙasarsa ce ta gaji. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa bambancin a cikin irin ya ke. Waken farko ya gane abokin gabansa tun yana bakin ƙofa, na biyu kuwa bai farga ba sai da aka shige masa gida.

Maganar nan ba ƙarama ba ce. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar ce ke bi mata. Buhun waken da falke ke saye ran Lahadi a kasuwar Mai'adua, da damin harawar da mai kiwo ke turka rago da shi, duk daga lafiyar shukar nan su ke fitowa. Saboda haka darasin wannan mako a kan tambaya ɗaya ya ke: ta yaya shuka, wadda ba ta da ido, ba ta da kunne, ta ke sanin cuta ta shigo, kuma me manomi zai yi da wannan sani?

GANUWA DA MASU GADI

In aka yanko ganye aka sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, sai a ga ashe ganyen 'yan ɗakuna ne ƙanana birjik, a jere kamar saƙar zuma. Su ne masana ke kira ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana da bangonsa mai tauri, ganyen kuma yana da wata fata mai santsi kamar an shafa kakin zuma. Wannan ita ce ganuwar shuka, kuma ita kaɗai ta isa ta tsare yawancin cututtuka.

Amma ba ganuwar da ba ta da ƙofa. A jikin ganye akwai 'yan kafofi dubbai waɗanda shuka ke shan iska da su, ga kuma raunin da ƙwaro ko fartanya ko yashin guguwa ke yi. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, watau bakteriya, da dangin fumfuna irin mai kawo burtuntuna a dawa, da bairus irin mai kawo kuturtar gyaɗa.

Mutum yana da jini mai zagayawa, a cikinsa akwai ƙwayoyin da ke bin cuta duk inda ta shiga. Shuka ba ta da irin waɗannan. Ɗakunanta a kafe su ke, ba mai barin wurinsa ya je ya taimaki wani. Don haka tilas kowane ɗaki ya zama da masu gadinsa, tilas kuma ya iya aika wa maƙwabta labari. Masu gadin nan a jikin fatar ɗakin su ke, rabi a waje rabi a ciki. Aikinsu kamar na kwaɗo ne: kowane da mabuɗinsa, in ba nasa ba ne ba ya motsi. Mabuɗan nan kuwa, da yawa daga cikinsu, wani abu ne da a ke kira feftaid.

MENE NE FEFTAID?

Kowa ya ji likitoci suna cewa wake da nama da ƙwai suna gina jiki, don akwai furotin a cikinsu. To, furotin kamar tsakiya ce da aka shirya a zare. Ƙwayoyin tsakiyar iri 20 ne, yadda aka jera su kuwa shi ke bambanta wannan furotin da wancan. Wani zaren ya kan ɗauki ƙwaya 300, wani fiye da 1,000. In zaren gajere ne, ƙwaya 10 ko 20 ko 50, shi ne feftaid, watau guntun furotin. Insulin da masu ciwon sukari ke allura da shi irinsa ne, ƙwayarsa 51, kuma saƙo ya ke kaiwa a jikin mutum.

Da, masana sun ɗauka dabbobi ne kaɗai ke aika saƙo da irin wannan guntu. Sai a 1991 aka tabbata shuka ma tana yi. Guntayen da ke ta da tsaron shuka kuwa kashi uku ne, bisa ga inda su ke fitowa.

NA FARKO: ALAMAR BAƘO

Bakteriya da yawa suna da wata 'yar wutsiya da su ke iyo da ita a cikin ruwan da ya kwanta a kan ganye. Wutsiyar nan da furotin aka yi ta. A 1999, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Georg Felix da Thomas Boller da abokan aikinsu suka gano akwai wani yanki a jikin wannan furotin, ƙwaya 22 kacal, wanda da zarar ya taɓa ɗakunan tumatir sai su tashi tsaro, ko da babu bakteriyar kanta a wurin. Suka sa masa suna flg22. A 2000 aka samo mai gadin da ke jin sa a jikin wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis, wadda masana ke yawan gwaji da ita. A 2004 aka nuna in aka ɓata mai gadin nan, sa'an nan aka fesa wa ganyen bakteriya, cutar ta kan fi kama shukar. In kuwa an fara ɗiga wa lafiyayyar shuka guntun nan kwana guda kafin cutar ta zo, bakteriyar ba ta samun yaɗuwa sosai.

Misali na biyu daga Afirka ta Yamma ya fito. Akwai wata shinkafar daji mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, wadda manoman fadama ke ɗauka a matsayin muguwar ciyawa. An ɗebi irinta daga ƙasar Mali, aka ga cutar bakteriyar nan mai ƙone ganyen shinkafa ba ta cin ta. Gurdev Khush da mutanensa a cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin suka yi ta auratayya tsakaninta da shinkafar gida har halin ya koma can, aka kira shi Xa21. A 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Kalifoniya ta Amurka suka gano Xa21 mai gadi ne. Sai da aka ƙara shekara 20, watau a 2015, sa'an nan aka san mabuɗinsa, wani guntun furotin ne mai suna RaxX da bakteriyar ke fitarwa. Shinkafar da ke da mai gadin nan tana jin RaxX ta tashi faɗa. Wadda ba ta da shi kuwa, ganyenta ke bushewa. Ga shi kuwa ciyawar da a ke cirewa a yar, ita ta ba shinkafar Asiya wannan kariya.

NA BIYU: KURURUWAR GIDA

Kashi na biyu shukar ce da kanta ke yin sa. A 1972 Clarence Ryan, wani malami a Jami'ar Jihar Washington a Amurka, ya lura da wani abu. In ƙwaro ya ci ganye ɗaya na tumatir, cikin kwana ɗaya ko biyu sauran ganyayen da ba a taɓa ba su kan cika da wani abu mai hana cikin ƙwaro narka abinci. Lalle ke nan akwai labarin da ke tashi daga ganyen da aka ji wa rauni. Shekara 19 shi da mutanensa suna neman mai kai labarin. A 1991, bayan sun tace tulin ganyen tumatir, suka sami ɗan abin da ido ba ya gani, guntu mai ƙwaya 18, suka kira shi sistemin. Shi ne feftaid na farko da aka san yana kai saƙo a jikin shuka.

Sistemin a ɓoye ya ke a cikin wani dogon zare mai ƙwaya 200. Sai an ji wa ɗakin rauni a ke yanko shi ya fita. Ya kan ta da ɗakunan da ke kewaye da raunin, su kuma su yi wani sinadari mai suna jasmonet, wanda ke isar da labarin zuwa sauran ganyaye. A 1993 aka gwada tumatirin da aka hana shi yin sistemin, aka sa masa tsutsa. Tsutsar da ta ci shi ta yi saurin girma wajen ninki uku na wadda ta ci tumatiri mai cikakken tsaro.

Sistemin na dangin tumatir ne, watau tumatir da barkono da dankalin Turawa. Amma a 2006 aka samo wani mai ƙwaya 23 da a ke kira Pep, daga baya kuma aka ga danginsa a masara da dawa da shinkafa da waken suya. A 2011 Alisa Huffaker da Eric Schmelz suka nuna in an sa wa masara nata Pep tun da wuri, cutar fumfuna mai ƙone ganye da mai ruɓar da kara ba su yi mata ɓarna sosai. Yanko shi kuwa ba ya ɗaukar lokaci. Daga fashewar ɗaki zuwa fitar saƙon, 'yan mintoci ne.

NA UKU: KAYAN GIDA A BAKIN ƁARAWO

Kashi na uku shi ya fi shafar manomin Mai'adua, gama a jikin wake aka gano shi, irin waken nan da a ke shukawa tsakanin gero. Manoma ba su manta da tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ba, mai shiga ƙoƙon masara ta cinye. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, a Ibadan kuma aka fara tabbatar da zuwanta Afirka. Shekara 10 kafin nan, a 2006, Eric Schmelz da abokan aikinsa a jihar Florida suna gwaji da ita a kan ganyen wake. Suka ga in an yanki ganye da wuƙa, wake ya kan ɗan motsa. In kuwa an shafa yawun tsutsar a kan yankan, sai ya tashi tsaro sosai.

Da suka bincika yawun, sai suka tarar da guntu mai ƙwaya 11, suka kira shi inseftin. Abin mamaki, guntun nan daga jikin ganyen ya ke. Wani yanki ne na furotin da ke cikin koren ganye, wanda a lafiyayyar shuka ba ya taɓa fitowa waje. Tsutsa ta ci ganye, cikinta ya daddatse furotin ɗin, da ta sake kai baki sai ta bar gutsuren a kan rauni. Mai gida ya ga kayan ɗakinsa a bakin baƙo, ai ya san ɓarawo ne. Tsutsar da ba ta riga ta ci koren ganye ba, babu inseftin a yawunta.

A 2020 Adam Steinbrenner da su Schmelz suka samo mai gadin da ke jin inseftin, ta hanyar gwada ire-iren wake masu yawa. Da suka ɗauke shi suka sa wa wata shuka dangin taba, wadda a da ba ta jin wannan saƙo, sai ita ma ta fara ji, tsutsar da ta ci ta kuma ta rage girma. Wannan ya nuna mai gadi abu ne da a ke gado ta cikin iri. Wannan ita ce maganar da ta fi kome amfani ga manomi a cikin darasin nan.

ABIN DA KE BIYO BAYAN SAƘO

Ko wane ne daga cikin ukun nan ya shiga kwaɗonsa, abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne, kuma bi da bi ya ke zuwa.

Cikin 'yan daƙiƙu zuwa 'yan mintoci, kalshiyam, watau sinadarin nan da ke cikin ƙashi, ya kan kwararo cikin ɗakin, shi ne kugen farko. Sa'an nan ɗakin ya fitar da wani ruwa mai ƙuna, ɗan'uwan ruwan nan mai kumfa da a ke wanke gyambo da shi a asibiti, ya ƙona cutar, ya kuma ƙara ta da maƙwabta.

Cikin kamar awa guda, kafofin shan iska su kan rufe, don kada sauran bakteriya su shigo.

Cikin 'yan awoyi, ɗakin ya kan yi wa bangonsa sabon yaɓe daidai inda cutar ke haƙa, ya kuma dafa magungunansa masu ɗaci da masu guba ga fumfuna.

Cikin kwana ɗaya zuwa uku, labari ya kan game shukar duka. In cuta ce mai zama a cikin ɗanyen ganye, wani sinadari ɗan'uwan asfirin ne ke jan ragamar aikin. In ƙwaro ne mai tauna, jasmonet ne.

Har ila yau, ganyen da tsutsa ke ci ya kan fitar da wani ƙanshi. Tun 1990 aka nuna a masara cewa ƙanshin nan yana jawo waɗansu ƙananan ƙwari dangin rina da zanzaro, masu zuba ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yansu su cinye ta. Manoman Maraɗi da Damagaram sun san irin waɗannan ƙwari, gama tun wajen 2006 ma'aikatan binciken gona na Nijar ke sakin wani irinsu a ƙauyuka, don kashe tsutsar zangarniyar gero.

DABARUN ABOKAN GABA

Mai karatu zai ce, in haka ne, me ya sa shuka ke ciwo? Dalili shi ne cuta ma tana da tata dabara. A 2006 aka gano wata bakteriya mai kama tumatir tana da guba da ke tilasta wa kafofin ganye su sake buɗewa bayan sun rufe. Waɗansu bakteriyoyin shinkafa sun sauya jerin ƙwayoyin RaxX ɗinsu, har Xa21 ba ya gane su. A nahiyar Amurka akwai wata tsutsa da ta ƙware a cin dangin wake, wadda cikinta ke guntule ƙwaya ɗaya daga ƙarshen inseftin. Mabuɗin ya shiga kwaɗo, ya ƙi buɗewa, ya kuma tare wa na kirki hanya.

Akwai kuma lokacin da yawa ke rinjaya. Tumatir yana da sistemin, amma bai hana tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon cinye lambunan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016 ba. A 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata wajen hekta 700,000 a Arewa, don irin da a ke shukawa a lokacin ba shi da kariya daga gare ta. Tsaron shuka yana rage ɓarna ƙwarai, amma yana da iyaka.

ƘUDUJI DA WAKE

Yanzu a koma ga gonakin nan biyu na hanyar Mai'adua. Ƙudujin wake shuka ne, amma aikin cuta ya ke yi. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, su kan daɗe shekaru a ƙasa, sai sun ji saiwar wake kusa su tsiro, su huda ta, su yi ta tsotso. Kafin manomi ya gan shi a sarari, an riga an sha waken.

Akwai wani waken ƙasar Botswana mai lamba B301 da aka ga ƙuduji ba ya iya masa. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Virginia a Amurka suka gano dalilin. Waken nan yana da mai gadi a cikin saiwarsa wanda ke gane irin ƙudujin da ya fi yawa a Nijeriya da Nijar. Da ƙudujin ya huda, sai 'yan ɗakunan da ke wurin su mutu da gangan, wurin ya yi baƙi-baƙi, ƙudujin ya rasa abin tsotso ya bushe. An yi asarar ɗaki kaɗan, an tsirar da gida.

Ma'aikatan cibiyar IITA a tasharsu ta Kano sun ɗauki halin nan daga B301 suka sa wa wake mai yawan 'ya'ya. Daga cikin abin da ya fito akwai IT97K-499-35, wanda aka saki ga manoma a 2008 da sunan SAMPEA 10, tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. Amma a Zakpota ta Jamhuriyar Benin akwai wani irin ƙuduji da ke cin B301 ɗin kansa. A 2020 aka gano yana zuba wani ɗan furotin a cikin saiwa, wanda ke toshe hanyar saƙo kafin labari ya isa. Wannan gargaɗi ne: ba irin da za a dogara da shi shi kaɗai har abada.

TSARO YANA DA TSADA

Abu ɗaya ya rage a sani. Duk abincin da shuka ta kashe wajen yin yaɓe da guba, daga rabon 'ya'ya aka ɗebe shi. An gwada barin tsiro cikin ruwan da aka zuba wa flg22 kwana da kwanaki, sai ya tsumbure, ya ƙi girma, alhali babu wata cuta a jikinsa. Shi ya sa shuka ba ta zama cikin shirin yaƙi kullum, sai ta ji saƙo. Shi ya sa kuma wadda yunwa ko ƙishirwa ta kama ba ta iya riƙe faɗa.

A ƙasashen waje an yi magungunan feshi masu ta da tsaron shuka. Na farko-farkonsu, wanda aka yi da furotin ɗin wata bakteriya, ya sami izinin sayarwa a Amurka a 2000. Amfaninsu a gona ya kan bambanta, wani wuri ya yi aiki, wani wuri kaɗan. Saboda haka in wani ya zo kasuwa da kwalba ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, yana cewa allurar rigakafin shuka ce mai maganin kowace cuta, manomi ya riƙe kuɗinsa.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

1. Ya fara da iri. Tun da mai gadi a cikin iri ya ke, ba taki ko feshin da zai sa wa shuka wanda ba ta gada ba. Wanda ƙuduji ya dame shi ya nemi irin wake mai jure masa, kamar SAMPEA 10. Wanda kuturta ta taɓa ɓata wa gyaɗa ya nemi irin su SAMNUT 24, wanda aka saki a 2011. A nema ta hannun malamin gona na KTARDA ko dillalin iri sananne, a kuma duba takardar da ke jikin buhu. Waken tiya na kasuwa na ci ne, ba wanda ya san halin da ya gada. Falken da ke sayar da iri kuma ya ware kowane da sunansa, kada ya gauraya.

2. Mai ajiye irinsa na gida ya zaɓa tun a gona. Inda cuta ta kama kunya guda, amma ga gindi ɗaya ko biyu sun tsaya lafiya, a ɗaura musu tsumma, a ɗebi irinsu dabam.

3. Kada a shekara ana zuba iri ɗaya a gona ɗaya. A riƙa juyawa tsakanin wake da gyaɗa da gero da riɗi, don kada cutar da ta koyi dabarar wani iri ta tarar da shi yana jiran ta.

4. A ciyar da shuka daidai. Takin gida da a ke kaiwa gona da rani yana riƙe laima a jigawa. Yuriya in ta yi yawa, ganye ya kan yi taushi, ƙwari da fumfuna su fi son sa.

5. A rage rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a shiga gonar wake ko lambun tumatir da noma ko tsinka alhali ganye na jiƙe da raɓa, gama a lokacin ne bakteriya ke iyo, hannu da riga su kai ta daga wannan gindi zuwa wancan. A bar gawo da sauran itatuwa a gona, a kuma bar ɗan kara a ƙasa, don su rage yashin da iskar farkon damina ke kartar tsiro da shi.

6. Kada a yi feshi ba dalili. Maganin ƙwari mai kashe kome yana kashe 'yan rinar nan da shuka ke kira. A duba gona tukuna. Ga wake, lokacin fure da lokacin ɗaura kwanso ne feshi ya fi biyan kuɗinsa. A bi awon da aka rubuta.

7. A cire ƙuduji kafin ya yi fure, a tumɓuke gindin da kuturta ta kama tun da wuri, a fitar da su daga gona a ƙone.

GWAJIN DA KOWA ZAI IYA

Gani ya kori ji. Wanda ke da gonar da ƙuduji ya kama, ya ware ɗan yanki a inda ya fi yawa. Ya shuka kunya biyar na tsohon irinsa, kunya biyar na iri mai jurewa, rana ɗaya, noma ɗaya, taki ɗaya. Bayan mako 6 zuwa 8 ya tona gindi biyar daga kowane ɓangare, a hankali, ya wanke saiwar da ruwa. A tsohon irin zai ga 'yan ƙulli-ƙulli inda ƙuduji ya kama, waɗansu har sun ɗago kai. Kada ya rikita su da ƙullin nan na asali da saiwar kowane wake ke yi, masu ɗan ja a ciki in an fasa, waɗannan masu amfani ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. A ɗaya ɓangaren kuwa ƙullin ƙuduji zai yi wuyar samu. Da kaka ya auna tiyar kowane ɓangare da damin harawarsa, ya sa ɗansa ɗan makaranta ko wani akawu ya rubuta masa, ya kai wa malamin gona. In kuwa ya ga ƙuduji ya kama sabon irin ma, to, ya gaggauta faɗa, don labari ne da masu binciken Samaru da Kano ke bukatar ji.